Gyaran Balad da hayaƙin Tahliya: ta yaya ake gane birni ya ci gaba?

"Assalamu alaikum Injiniya. A Jidda aka haife ni, a unguwar Sabil na tashi, yanzu ina zaune wurin ɗana a arewacin gari. Kullum muna musu da shi. Shi yana cewa Jidda ta ci gaba, tunda ga Balad, wato tsohon garin Jidda, an gyara ta har baƙi suna zuwa kallo, ga bututun Tahliya, tashar tace ruwan teku, sun daina hayaƙi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne unguwar da aka yanke mini cibiya babu ita, jikata kuma ba ta rabuwa da maganin asma. Shin gyaran tsofaffin gidaje da tsabtar iska alamun ci gaba ne da gaske, kuma ta yaya mutum irina da bai yi boko ba zai gane?" Wata Hajiya, daga Jidda.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya ba jikarki sauƙi. Idan na fahimce ki daidai, tambayoyi biyu ne kika ɗaure a ƙulli ɗaya: na farko, ko abubuwan da ɗanki yake nunawa sun isa a kira su ci gaba; na biyu, da wane mudu ne mazaunin gari zai auna da kansa ba tare da ya jira wani ya gaya masa ba. Aikina na shekaru shi ne auna ƙura da hayaƙi a wuraren gine-gine da gefen manyan tituna, kuma ta wannan hanyar na zauna da magina masu gyaran tsofaffin gidaje, don haka daga abin da na gani a nan Jidda zan amsa miki. Zan faɗa tun da fari cewa ɗanki bai yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi kuskure ba, sai dai kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na tabarmar.

Dalilin da ya sa masu nazarin birane suke haɗa waɗannan abubuwa biyu, kayan tarihi da iskar shaƙa, shi ne dukansu ba su da mai su guda ɗaya. Mutum yana iya gina katafaren gida ya kewaye shi, amma ba zai iya kewaye iskar da ke shiga tagarsa ba, kuma babu attajirin da zai iya sayen shekara ɗari biyu ya liƙa wa sabon gini. Abin da kowa yake amfana da shi alhali ba na kowa ba ne, shi ne yake fara lalacewa idan hukuma ta yi sakaci ko jama'a suka yi ko oho. Shi ya sa idan aka ga gari yana kula da su, ana ɗauka cewa akwai tsari da doka da masu bibiya a bayan abin.

Abin da aka yi wa Balad

Jidda tsohon gari ne. A shekara ta 26 bayan hijira Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka, kuma a farkon ƙarni na 16 aka kewaye ta da ganuwa saboda tsoron harin Turawan Fotugal. An rushe wannan ganuwa a 1947, garin ya bazu, masu hali suka bar tsofaffin unguwanni huɗu, wato Sham da Yaman da Mazlum da Bahar, suka koma sababbin gidajen siminti a arewa. Gidajen da suka bari suka zama na haya, ɗaki ɗaya mutum da yawa, wasu kuma suka zama rumbun ajiyar kayan 'yan kasuwa. Duk wanda ya san Balad shekaru ashirin da suka wuce ya san gobara da ruftawar gini ba baƙin abu ba ne a can.

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, bayan wasu wurare biyu na Saudiyya, Mada'in Salih a 2008 da Turaif ta Dir'iyya a 2010. A 2018 aka kafa Ma'aikatar Al'adu, a 2019 aka ba da umarnin fitar da riyal miliyan 50 domin ceto gidaje 56 da suke gab da faɗuwa, sannan a 2021 aka sanar da babban shirin farfaɗo da yankin gaba ɗaya. Waɗannan ba jita-jita ba ne, kuma duk wanda ya bi ta kasuwar Alawi ya tsaya gaban gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ko ya shiga masallacin Shafi'i, zai ga bambanci da idonsa.

Sai dai a wurin mai sana'a, fenti da fitilu su ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Gidajen Balad an gina su ne da dutsen mangabi, wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a bakin teku, ana jera katako a cikin bango bayan kowane 'yan layuka domin ya raba nauyi, kusan yadda maginanmu na ƙasar Hausa suke amfani da azara, sannan a shafe shi da farar ƙasa. Irin wannan bango yana shan danshi yana fitarwa. Idan aka yaɓe shi da siminti, danshin ya rasa hanyar fita, gishirin da ke cikinsa ya taru ya riƙa cin dutsen ta ciki, katakon ya ruɓe, gara ta samu abinci, alhali daga waje bangon sumul yake. Na taɓa tsayawa a wani gida da wani ɗan kwangila ya yi wa irin wannan gyara na gaggawa. Da wani tsohon magini ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma sai muka ji yana amsawa kamar ganga, da aka ɓare simintin kuwa dutsen ya riƙa zubowa kamar garin tuwo. Ga kuma ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke ɗiga a jikin bango dare da rana, ga ruwan ƙasa da ya taso saboda yoyon bututu. Don haka idan kika shiga Balad kika ga ana kwaɓa farar ƙasa, kika ga kafinta yana gyara tsohon katakon roshan, wato tagar katako mai ado da ke fitowa daga jikin bango, yana mayar da shi mazauninsa, yaro matashi yana tsaye kusa da shi yana koyo, wannan ya fi mini sabon fenti zama hujja, domin gidan da aka gyara yau zai sake neman gyara bayan wasu shekaru, kuma idan masu sana'ar sun ƙare babu kuɗin da zai dawo da su.

Abu na biyu da nake dubawa shi ne ko akwai rai a wurin bayan 'yan yawon buɗe ido sun watse. Unguwa tana zama unguwa ne da mai gasa burodi da ke buɗewa da asuba, da liman da ya san masu binsa salla, da yara masu tafiya makaranta. Idan duka gidajen suka koma otal da shagon gahawa, an tsira da ginin, amma abin da ya sa aka yi ginin ya tafi. Wannan matsala ce da tsofaffin birane da yawa a duniya suke fama da ita, kuma a ganina a nan ne za a gane ko aikin Balad ya cika ko bai cika ba.

Unguwar da babu ita

Yanzu bari in zo kan gefenki, domin shi ne wanda ba a cika rubutawa ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 an rushe unguwanni fiye da sittin a Jidda, cikinsu har da Sabil da Gulail da Karantina da Kandara da Hindawiyya. Hujjar da hukuma ta bayar ita ce an gina su ba bisa tsari ba, lungunansu ba sa shigar motar kashe gobara ko ta asibiti, kuma ɓata-gari sun samu maɓoya a ciki. Wanda ya zauna a can ya san akwai gaskiya a wannan, ya kuma san cewa an tsara diyya ne ga 'yan ƙasa masu mallaka, 'yan haya da baƙi masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa suka watse neman matsuguni a lokacin da kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi.

Abin da ya shafi tambayarki shi ne, tarihin gari ba a gidajen manyan fatake kaɗai yake ba. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Sakkwato da Borno, wasu a ƙafa shekara da shekaru, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suka ratsa Sudan suka tsallako Bahar Maliya, da yawansu a wajen ganuwar Jidda suka kafa bukkoki, su ne masu dako a tashar jirgi, su ne masu ɗebo ruwa da gini. Sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi da suka cika Hijaz a yau daga nan suka samo asali, kuma tsiren da mutanen Makka da Jidda suke saye da yamma suna kiransa sire, da yajin ƙuli-ƙulinsa, namu ne. Wasan mizmar na Hijaz, wato rawar sanda da kiɗan ganguna, wanda UNESCO ta amince da shi a 2016 cikin al'adun da ba gini ba, a irin waɗannan unguwanni na talakawa ya rayu. Saboda haka idan za a auna kulawar birni da gadonsa, ina ƙara tambaya guda: shin an rubuta labarin masu dako kamar yadda aka rubuta na masu jirgin? Ba ina cewa kowane gidan bulo na Sabil ya cancanci a bar shi ba, yawancinsu ba su da wata daraja ta gini. Amma sunan unguwa, da inda masallacinta yake, da yadda ake biki da suna da zaman makoki a cikinta, ana iya adana su ko da an share filin, kuma wannan aiki ne mai arha ƙwarai idan aka kwatanta shi da gyaran gida ɗaya a Balad.

Maganar iska

A nan dole in raba miki abu biyu da mutane suke cakuɗawa, wato ƙurar da iska take kwasowa daga sahara da hayaƙin da ɗan Adam yake haddasawa. Duk wanda ya san hazon hunturu a ƙasar Hausa ya san nau'i na farko. A Jidda idan iskar kudu da ake kira azyab ta taso, gari yakan yi ja, kuma babu wata hukumar gari da za ta iya hana wannan. Nau'i na biyu shi ne wanda ake yi wa gari hisabi a kansa: hayaƙin motoci da manyan motocin dizal, da na tashoshin wuta masu ƙona baƙin mai, da na jiragen ruwa, da ƙurar rusau da gini.

Mu ma'auna muna rarraba ƙura gwargwadon girman ƙwayarta. Wadda ake kira PM10 yawancinta a hanci da maƙogwaro take tsayawa. Wadda ake kira PM2.5 kuwa ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta kusan sau talatin, tana wucewa har ƙarshen huhu, kuma ita ce ta fi cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sauke mizaninta na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, na yini guda kuma ta sa shi 15. Biranen yankinmu sun zarce wannan mizani da nisa, kuma wani kaso na laifin na sahara ne. A aikinmu mukan sa farar takardar tacewa a cikin na'ura ta zuƙi iska awa 24, mu auna nauyinta kafin da bayan haka. Takardar ranar guguwa takan fito ja-ja kamar jar ƙasa, mai nauyi. Ta gefen titin manyan motoci kuwa takan fito baƙa ƙirin ko da sararin sama ya yi garau a ranar. Wannan baƙar ita ce ta fi ba ni tsoro, ita ce kuma ido ba ya gani, shi ya sa shuɗin sama ba ya isa hujja.

Ɗanki yana da abin kafa hujja mai ƙarfi a nan. An daina sayar da fetur mai dalma a Saudiyya tun 2001, kuma dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Matatar man Jidda da ke kudancin gari ta daina aiki a 2017. Bututun tashar tace ruwan teku, waɗanda kowa ya sani da Tahliya, sun daina hayaƙi a 2020 bayan an koma tace ruwa da na'urorin matsi waɗanda ba sa bukatar dafa shi. Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka tuna cewa iskar Jidda galibi daga arewa da arewa maso yamma take kaɗawa, tashar kuma tana bakin teku ne ta wannan gefen, don haka hayaƙinta kan gari yake bi. A farkon 2020 ɗin kuma dokar duniya ta rage farar wutar da ke cikin man jiragen ruwa daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, abin da ya shafi duk mai zama kusa da tashar jirgi, sannan a 2024 aka shigo da fetur da dizal masu ƙarancin farar wuta a gidajen mai. Jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 ya ɗauke wasu matafiya daga hanyar Makka da Madina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan canji ne na haƙiƙa, domin tushen hayaƙin aka taɓa.

Amma ga inda hujjarsa take raguwa. Jidda gari ne da aka shimfiɗa shi don mota, mutum ba ya sayen burodi sai ya tayar da inji, kuma har yanzu ba ta da jirgin cikin gari irin wanda Riyad ta buɗe a ƙarshen 2024 mai layi shida. Wutar da mukayyif ɗinmu yake sha, wani ɓangarenta daga tashoshi masu ƙona mai take fitowa, irin ta Shu'aiba a kudu. Hayaƙin ya yi nisa da idonmu ne kawai. Filayen da aka rushe kuma, muddin suna nan fayau babu gini babu shuka, duk iskar da ta taso sai ta kwashi rabonta. Kuma iska ba ɗaya ba ce a gari guda: mai zama kusa da teku a arewa da mai zama kusa da tashar jirgi da masana'antu a kudu ba abu ɗaya suke shaƙa ba, matsakaicin lissafin gari kuwa yana ɓoye wannan bambanci. A nan ne ma maganar biyu take haɗuwa, domin maginan Balad sun yi dogayen gidaje masu ƙananan lunguna da roshan domin su kama iskar teku su tare rana, har ana ajiye tulun ruwa a bakin taga ya yi sanyi. Ba na yaudarar kaina cewa za a yi zafin Agusta a Jidda ta yau babu mukayyif, amma ginin da aka yi wa inuwa da kauri yana shan wuta ƙasa da akwatin gilashi, kuma wutar da ba a sha ba hayaƙi ne da ba a yi ba.

Abin da za ki iya aunawa da kanki

Ba sai da boko ba, Hajiya. Ki lura da gine-ginen da ake yi kusa da ku, ko ana yayyafa ruwa, ko ana rufe tifofin yashi da tamfol, ko ana wanke tayoyinsu kafin su hau kwalta. Ki lura ko motar da ke tuƙa baƙin hayaƙi tana yawo ba mai tare ta duk da fahas, wato binciken lafiyar mota, da ake yi kowace shekara. Ki sa ɗanki ya duba miki a waya ko cibiyar ƙasa mai sa ido kan bin dokokin muhalli tana fitar da ma'aunin iska na yankinku kullum, har da ranakun da lambar ta yi muni, domin hukumar da take nuna mummunar lamba ta fi wadda take nuna mai kyau kaɗai cancantar a yarda da ita. Bishiyoyi kuma, an yi shelar dasa biliyan goma a faɗin ƙasa a 2021, amma ni ba na ƙirga su ranar dashe; ki duba wadda aka dasa a layinku bayan rani uku, ko tana raye, ko akwai mai ba ta ruwa. Mutanen Jidda sun san wannan darasi tun ambaliyar Nuwamba 2009 da ta ci rayuka fiye da ɗari, lokacin da aka gane cewa kyakkyawar kwalta ba ta nufin akwai magudanar ruwa a ƙarƙashinta.

Game da jikarki, ni ba likita ba ne, kuma ba zan iya ce miki iskar gari ce ta sa mata asma ba, domin gado da ƙwayoyin cuta da abubuwan cikin gida duk suna da hannu. Abin da zan iya faɗa daga sana'ata shi ne, a wasu gidaje da na shiga da ƙaramar na'urar aunawa, lambar da na samu a falo bayan an kunna turaren wuta a kan gawayi, ƙofofi a rufe, ta ninka ta titin waje sau da yawa. Na san wannan magana ba ta yi wa iyayenmu mata daɗi, tunda turare ado ne na gida, amma ana iya yinsa lokacin da yarinyar take makaranta, a buɗe tagogi kafin ta dawo. A riƙa wanke matacin mukayyif akai-akai, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya, kada a sha taba ko shisha a cikin gida, ranar da gari ya yi ja kuma a rufe tagogi a bar ta a ɗaki. Ki kuma riƙa rubuta ranakun da ciwon yake tashi da abin da ya faru a ranar, ko guguwa ko turare ko mura, ki kai wa likitanta, zai fi amfana da wannan takarda fiye da kowace lamba da zan ba ki.

Maganar Sabil kuwa, ina roƙon ki da ki zaunar da ɗan nan naki ya buɗe wayarsa ya naɗi muryarki, ki bi unguwar lungu-lungu kamar kina tafiya a cikinta: gidan wa ke bin na wa, ina mai tsire yake zama, wace ce ungozoma, wane malami ne ya koyar da ku allo, daga wane gari kakanninki suka taso da ta inda suka biyo. Ki gayyato tsofaffin maƙwabtanki da kike da lambarsu su ma su faɗi nasu, a haɗa da duk hoton da ya rage a akwati, a rubuta shekara da sunan wuri a bayan kowanne.